Daga Bakin Hula Zuwa Allon Aji: Yadda Ake Koyar da Lissafi ta Hanyar Zane da Sana'ar Hannu

Karon farko da na ce zan haɗa lissafi da zane a ajina, mako biyu na yi asara. Na sayo fensiran kala a kasuwar Wunti da kuɗin aljihuna, na raba wa 'yan aji biyar, na ce kowa ya zana alwatika da murabba'i da da'ira ya shafa musu launi. Yara suka yi ta murna, bango ya cika da takardu ja da kore. Ranar Juma'a na yi musu gwaji, sai na tarar ana nan inda ake. Wanda bai iya fitar da kewayen murabba'i ba kafin a shafa kala, bayan an shafa ma bai iya ba. Hedimasta ya leƙo, ya ƙare wa bangon kallo, ya ce, "Malam, ado ya yi. To ina lissafin?" Na rasa ta cewa. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Kuskurena shi ne na ba yara aikin da zai yi kyau ko an ƙirga ko ba a ƙirga ba. Aikin da ake nema shi ne wanda in lissafinsa ya karkace, shi ma zai karkace a gaban idon yaro, ba sai malam ya zaro jan biro ba. Irin wannan aiki kuwa ya cika garin Bauchi: yana kan mutane, yana kan tukwanen tuwo, yana jikin bango. Ga yadda nake bi yanzu, ga malamin firamare daga aji huɗu zuwa shida da na ƙaramar sakandare.

Mataki na farko: fara da jadawalin zango, ba da zane ba

Buɗe tsarin aikin zangon karatu ka ga abin da ke gabanka a lissafi. Rabawa da saura? Lambobin da ke raba wata lamba daidai? Kewayen da'ira? Kusurwa? Zaɓi maudu'i ɗaya tak, sannan ka tambayi kanka: wace sana'a ce ba ta kammaluwa sai da wannan lissafin? In ka fara da "bari mu yi zanen lalle" sannan ka shiga laluben lissafin da za ka liƙa masa, ramin da na faɗa za ka faɗa.

Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9 da hukumar NERDC, mai shirya manhajar makarantun Najeriya, ta tsara ta haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo a darasi guda, wanda muke kira CCA. A firamare sau da yawa malamin aji ne ke riƙe da shi da lissafin duka, abin ya zo da sauƙi. A sakandare sai ka nemi malamin CCA ku zauna, ku jera darussanku a mako ɗaya: shi ya yi aikin hannu a lokacinsa, kai ka yi lambobin a naka. Minti 35 ko 40 ba ya ɗaukar yanka da liƙi da lissafi gaba ɗaya.

Mataki na biyu: je wurin masu abin

Kafin ka shiga aji, ka ziyarci mai zanen hula, ko mai ɗinkin faifai, ko magini. Kada ka ce mata, "Wane lissafi kike yi?" Amsar da za ka samu ita ce, "Ni ban yi boko ba, Malam." Tambayar da ke buɗe baki ita ce, "Me ke ɓata aiki?"

Haka na yi da wata dattijuwa a unguwarmu mai ɗinkin faifai. Na gaishe ta, na zauna a bakin tabarma, na ce, "Inna, wane faifai ne ba ya sayuwa?" Ta jawo wani daga ƙasan tuli, aikin jikarta. Tauraro ne a tsakiya mai reshe shida, biyar sun yi daidai, na shida ya matse kamar an taka shi. Ta ce, "Ba ta raba tun daga cibiya ba. Da ta zo ƙarshe wuri ya ƙare mata." Na roƙi faifan nan ta ba ni. Har yau da shi nake buɗe darasin kusurwa, kuma ya fi duk wani hoton littafi aiki, domin yara suna ganin aibinsa tun kafin in yi magana.

Mataki na uku: kayan aiki

Ba sai an jira kuɗi daga ofis ba. Littafin lissafi mai gida-gida, zare, almakashi biyu ko uku, gam ko kunun rogo, rula, tef ɗin tela, ƙusa, igiya, tsakuwa ko murafan kwalba, sai fayafai da huluna na aro. Kala biyu ta isa, biro ja da shuɗi ma sun yi. Kala da yawa tana janye hankali daga ƙirga.

Mataki na huɗu: darasin hula

Wannan shi ne darasin da na fi amincewa da shi, don haka zan tsaya a kansa.

Kowane rukuni ya yanko tsiri daga takarda mai gida-gida, tsawonsa gida 60, tsayinsa gida 8. In shafi ɗaya bai kai ba, a haɗa biyu. Wannan shi ne jikin hula kafin a haɗa bakinta. Ɗaga hula ta gaske, kube ko zanna, ka juya ta a hankali, su ga zane ɗaya ne ke ta maimaituwa har ya zagayo ya haɗu da mafarinsa. Sai ka ce kowane rukuni ya ƙirƙiro nasa ɗan zanen, amma kai za ka ba su faɗinsa: waɗannan gida 4, waɗancan 5, wasu 6, wasu 7, wasu 8, wasu 9. Kada ka gargaɗi kowa. Bar su su yi ta maimaita zanen har ƙarshen tsiri, sannan su naɗe shi su haɗa baki da baki.

Masu 4 da 5 da 6 za su ɗaga nasu suna dariya, ba a gane mahaɗa. Masu 7 za su samu zane takwas cikakku da wani guntu mai gida 4, kamar an gutsure shi. Masu 8 ma guntu mai gida 4, masu 9 guntu mai gida 6. Nan za ka ji ƙorafi. A ajina wata yarinya da mahaifiyarta ke ɗinkin hula ta miƙe ta ce, "Malam, an cuce mu, bakwai ba ta shiga sittin." Na ce ta zo ta rubuta abin da ta faɗa a allo. Ta rubuta 60 ÷ 7 = 8, saura 4. Mako uku ina fama da kalmar "saura" a ajin nan, sai ga ta tana leƙe a bayan hular takarda.

Daga nan tambayoyi ke jan juna. Waɗanne faɗi ne za su rufe hula mai gida 60 ba guntu? Bar su su nemo da kansu, ka riƙa jerawa: 1, 2, 3, 4, 5, 6, 10, 12, 15, 20, 30, 60. Sai bayan jerin ya cika za ka ba shi sunansa na littafi da Turanci, tunda da shi za su gamu a jarrabawa. Sannan ka koma kan masu 7: in kun nace sai zanenku, yaya za a yi da tsirin? Wani zai ce a rage shi zuwa 56, wani zai ce a ƙara zuwa 63. Duk biyun daidai ne, kuma jadawalin bakwai ke nan suka karanta ba tare da an rera shi ba.

Ga masu saurin ganewa akwai ƙari. A raba tsirin sama da ƙasa, a sa zane mai gida 4 a sama, mai gida 6 a ƙasa. A ina mafarinsu ke sake haɗuwa? Duk bayan gida 12, sau biyar a zagayen hula. Ƙaramar lambar da 4 da 6 ke shiga ke nan.

Ana iya jin wannan lissafi da kunne ma. Raba aji biyu, kai kana ƙirga da ƙarfi, ɓangare ɗaya ya tafa a kowace lamba ta uku, ɗayan a kowace ta huɗu. A 12 da 24 da 36 tafin zai faɗo tare, kuma za ka ga fuskokinsu suna jiran wurin. Minti biyar ya ishe shi. Tafi ko bugun tebur nake amfani da shi, ba na kawo kalangu, domin ba kowace makaranta ko kowane uba ne zai so jin ganga daga aji ba, kuma darasin ba ya rasa komai.

Mataki na biyar: faifai da da'ira

A raba fayafai masu girma daban-daban. Kowane rukuni ya zagaya bakin nasa da zare, ya miƙe zaren a kan tef, ya rubuta. Sannan ya auna faɗin faifan ta tsakiya, daga baki zuwa baki. A raba na farko da na biyu. Zana gidaje uku a allo, kowa ya zo ya cika nasa. Za ka ga 3.0, 3.1, 3.2, wani lokaci 3.3 in zare ya yi sako-sako ko faifan ba zagayayye ba ne sosai. Kada ka gyara musu. Tambaye su kawai: ƙaramin faifai da babba, me ya sa amsa ke yawo kusa da uku? Sai sun yi gardama sun gaji sannan ka rubuta 22/7 da 3.14.

Daga nan ka ɗauko hula lamba 22. Duk yaron da ya taɓa raka mahaifinsa sayen hular sallah ya ji ana faɗin lamba. Lambar nan inci ce ta zagayen kai. In aka buɗe bakin hula mai inci 22 ya zama da'ira, faɗinsa inci 7 ne. Sa su auna su gani. Ban taɓa samun misalin da ya zaunar da 22/7 a kan yaro kamar wannan ba. A aikin gida ka ba su faifai mai faɗin santimita 21, da 28, da 35, amsoshin su ne 66, 88 da 110.

Raba da'ira kuma a fili ake yinsa, da sanyin safiya. Kafa ƙusa a ƙasa, ɗaura igiya, ɗaura tsinke a ɗaya bakin, a ja da'ira kamar yadda ake shata ɗakin zagaye ko rumbu. Ba tare da an sauya tsawon igiyar ba, a ɗora bakinta a kan layin da'ira a yi alama inda ɗaya bakin ya taɓa layin, a matsa can a sake. Sau shida cif za ta zagayo. A haɗa alamomin da cibiya, ga yanka shida daidai wa daida, kowanne digiri 60, tunda 360 ÷ 6 ke nan. Yanzu ka fito da faifan jikar Inna, su auna reshen da ya matse su gaya maka digiri nawa aka ci masa. Mai son tauraro mai reshe takwas sai ya naɗe takarda zagayayya sau uku, ya samu digiri 45.

Mataki na shida: dagi

Wannan na 'yan ƙaramar sakandare ne, kuma sai ka gwada shi a gida sau da yawa kafin ka kai aji, don hannu yana ruɗewa da farko.

Jera tsakuwa a kan rairayi, sahu 3, kowane sahu tsakuwa 4, tazara daidai. Sa yatsa tsakanin tsakuwa biyu maƙwabta, ka ja layi a karkace, kana ratsawa tsakanin duwatsun ba ka taɓa ko ɗaya ba. In ka kai gefe, ka lanƙwasa ka kewaye dutsen bakin ka dawo ciki a karkace. Ci gaba har ka komo inda ka fara. Za ka ga layi ɗaya ya rungume dukkan tsakuwa 12, ya bar saƙa irin ta dangin dagi da muke gani a wuyan riga da jikin soro. Mutanen Cokwe na ƙasar Angola suna da irin wannan zane a kan rairayi, suna kiransa sona, a kudancin Indiya kuma mata na yin makamancinsa a ƙofar gida.

Yanzu a sauya jeri. Sahu 2 na tsakuwa 4: yatsa zai dawo gida ya bar wasu duwatsu ba a gama kewaye su ba, sai an ja layi na biyu. 3 da 3 na bukatar layi uku. 3 da 5 layi ɗaya, 4 da 6 layi biyu, 4 da 4 layi huɗu. Kowane rukuni ya yi biyu, a tara sakamako a allo, kowane layi da kalarsa in an koma takarda. Tambaya: kafin a zana, za a iya sanin zare nawa dagin zai ci? Amsar ita ce babbar lambar da ke raba tsawo da faɗi duka biyu. Kada ka faɗa. Ka ce su yi hasashen 6 da 9, su rubuta a ɓoye, sannan a fita a zana. Uku ne. Ihun da waɗanda suka canka ke yi, har ajin maƙwabta sai an leƙo.

Bango, in hedimasta ya yarda

A ƙarshen zango a zaɓi zane ɗaya a ɗora shi a bangon aji. A shata gidaje na santimita 1 a kan takarda, na santimita 10 a bango, a kwafa gida bayan gida da alli kafin a taɓa fenti. Tambayar da ke kama kowa, har manya: in an ninka tsawo da faɗin zane sau biyu, fenti nawa zai ci? Kusan duk aji zai ce ninki biyu. Su ƙirga gidaje, su ga huɗu ne. Inna ta riga su sani, shi ya sa ba ta sayar da babban faifai kuɗin ƙanana biyu.

Mataki na bakwai: a koma littafi

Nan ne yawancinmu ke sakaci, ni ma a nan na faɗi da farko. Duk darasin da ya ƙare da ɗaga hula ana tafi, wasa aka yi. Ka ware minti goma na ƙarshe, ko darasin gobe gaba ɗaya, a rufe kayan aiki. Kowane yaro, shi kaɗai, ya rubuta abin da ya faru da lambobi, sannan ya amsa tambaya uku ko huɗu irin na jarrabawa, waɗanda babu hula ko faifai a cikinsu. In ya iya 60 ÷ 7 a jikin hula amma ya kasa 50 ÷ 6 a farar takarda, da sauran aiki, sai a sake yanka tsiri mai gida 50.

Wajen ba da maki, kada kyan hannu ya rinjaye ka. Ni cikin goma nakan ba lissafin da aka rubuta biyar, daidaiton awo uku, bayanin baki biyu. Kyau ba shi da maki a wurina, wannan hurumin malamin CCA ne. Akwai yaron da hannunsa ke rawa amma kansa a tsaye yake, akwai kuma gwanin zane da ke cike guntu da dabara don kada a gane bai ƙirga ba. Na biyun nan sai ka sa ido, yawanci shi ne wanda abokansa ke yabo.

Abubuwan da za su taso

Aji mai yara saba'in ko tamanin ba ya hana wannan aiki, amma rukuni kada ya wuce mutum shida, kuma kowa da aikinsa: mai awo, mai yanka, mai zane, mai rubuta lambobi, mai bayani. A darasi na gaba a juya. In ba haka ba, 'yan mata za su ƙare a shafa kala, maza su riƙe rula, ko kuma yaro ɗaya ya yi komai sauran suna kallo. Almakashi a hannun malam yake kwana, a ƙirga shi kafin a tashi.

Za a samu uban da zai zo ya ce an mayar da ɗansa mai wasa da ƙasa. Kada ka yi musu da shi. Ba shi kujera, ka buɗe littafin yaron, ka nuna masa shafin lambobi kusa da hular takarda. Wani uba da ya zo mini a fusace, tela ne, da ya ga tsirin gida 60 sai ya karɓi biro ya shiga nuna mini yadda yake raba yadi. Ka kuma tsaya a kan zanen siffofi da saƙa, ka bar zanen mutum da dabba, tunda akwai gidajen da ba sa so, lissafin kuma ba ya bukatarsu. Zayyanar allon sauka tana cike da daidaiton dama da hagu mai ban sha'awa, amma allo mai ayoyi ba abin da za a riƙa miƙawa hannu zuwa hannu a aji ba ne. Kwafo adon gefensa kawai a takarda.

Kada ka ce kowane maudu'i sai an yi masa haka. Darasi biyu ko uku a zango sun isa. Doguwar rabawa da jadawalin sau har yanzu sai an zauna an yi ta maimaitawa, babu faifan da zai ɗauke wa yaro wannan.

In makaranta na da halin fita yawon buɗe ido, ga Gidan Madaki a Kafin Madaki, cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. An gina shi wajajen 1860, aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. A nemi izini tun kafin ranar. Kowane rukuni ya tafi da igiya da tef da littafi, a ba shi abu ɗaya da zai auno: faɗin ɗaki, kaurin bango, ko yawan bakan gizon da ke riƙe da rufi da inda suke haɗuwa. Su fara aunawa da taƙi da kamu irin na magina, sannan da tef, su rubuta duka biyun. Taƙin yaro da na malam ba za su zo ɗaya ba, kuma da wannan saɓanin za ka buɗe darasin awo ranar Litinin.